Sababbin Tagogin Ɗakin Inna

Shekaru sun goge abubuwa da yawa daga kaina, amma safiyar da muka fasa tagar ɗakin mahaifiyarmu tana nan daram, kuma na san da ita zan shiga kabari. Har yau in na ga gawayi ya yi ja a cikin kanun, wato murhun gawayin nan namu, sai na waiga na duba ko ƙofa a buɗe take kafin hankalina ya kwanta.

Mu uku ne a wurin Inna. Yayanmu yana gida, yana noman hawasha, wato gonar da Baba ya bari a wajen Suki, nan Sudan. Ni ce ta tsakiya, aure ya kai ni Abu Na'ama. Sai autanmu, wanda ke aikin gini a Jidda. Tun bayan rasuwar Baba, Inna ta ƙi barin ɗakinta, ɗakin da aka kai ta tana amarya. Tagoginsa biyu na katako ne, gara ta ci su ta ƙoshi. Ɗaya da waya ake ɗaure ta, ɗayar kuwa in ka tsaya a ciki kana hango awaki ta tsakanin katakan. Inna tana cusa tsummoki a ramukan, iska tana turo su, tana mayarwa, haka suka yi ta zama da juna shekara da shekaru.

A wata damina, tun ƙasa na zaune lafiya, ruwa ya shigo ta tagar ya jiƙa mata shimfiɗa, sauro ya samu hanya, zazzaɓi ya kwantar da ita har muka tsorata. Da labari ya kai Jidda, auta ya rantse sai an gyara ɗakin. Aka yi shafen siminti, aka buga silin a ƙarƙashin kwano, duk ba wanda ya ce uffan. Da aka zo kan tagogi ne gida ya kama da wuta.

Wani mai shago a Madani yana haɗa iri biyu, ta roba da ta faiba, wato irin abin nan da ake yin tankunan ruwa da shi. Yaya ya ce roba. Ya gan ta a gidan wani abokinsa a Sinja, fara tas, ba ta tsatsa, gara ba ta cinta, in ta lalace kuma akwai mai gyara kusa. Auta ya ce faiba ko a fasa aikin. Suka dinga aika wa juna saƙon murya a waya, ni kuma kowa yana turo mini nasa don in yi shaida.

"Ya Yaya, isma'ni, ka ji ni da kyau," in ji auta, wanda Larabci ya riga ya cinye rabin Hausarsa. "Bilastik ɗin nan, robar taka, ba ta ɗaukar ranar Sudan. Zahi ɗaya za ta lanƙwashe, ta bar rami. Faiba kuwa wallahi ko allura ba ta shiga. Ni nan aikina ke nan."

"Aikinka ke nan can," Yaya ya mayar masa. "Nan ni ka zama da ita. In ta ɓaci, kai za ka zaka daga Jidda ka gyara?"

Na sha dariya a lokacin. Maza biyu da ba za su iya gaya maka ta wane ɓangare gadon Inna yake fuskanta ba, sun zama malaman taga. Wannan ya turo hoto, wancan ya turo bidiyo. Aka shiga maganar kauri, da nauyi, da wadda ta fi jure rana, da wadda launinta ba ya komawa ruwan ɗorawa. Har matar Yaya ta ce mini mijinta ya daina cin tuwo da daɗi. Sau ɗaya na ji an tambayi mai ɗakin. Yaya ne ya leƙa yana ɗaura rawani zai fita gona, ya ce, "Inna, wace kike so?" Ta ce, "Allah shi yi muku albarka. Abin da kunka gani, shi na gani." Ya ce madalla, ya wuce.

Auta ya yi nasara, domin ya fi naci. Aka kawo na faiba a bayan boksi, wato motar a-kori-kura, masu gilashi ninki biyu, da roba baƙa zagaye da bakinsu. Ban halarci sa su ba, amma an turo mini bidiyon. Mai aikin ya rufe taga, ya ɗebi ruwa cikin bokiti ya watsa mata da ƙarfi, aka shiga aka shafa bango, ko ɗigo babu. Maƙwabta suka yi ta kabbara. Yaya da kansa ya sauko, ya ce gaskiya yaron nan ya san aikinsa. Inna tana gefe a kan angarib, gadon igiyar nan namu, tana murmushi tana sa albarka.

Da ɗari ya shigo, na zo gida ganin Inna. Na iso da yamma, na shiga ɗakin, na ce kai, ashe haka ya yi kyau. Ba ƙura, ba sauro, ɗumi kamar cikin bargo. Sai dai na ga ta ɗaure goshinta da ɗankwali tamau. Na tambaya, ta ce ba komai, tsufa ne. Na kwana a sashen matar Yaya saboda hira.

Duk wanda ya san Inna ya san safiyarta. In ta idar da sallah, sai ta shigo da kanun ɗaki, ta sa sakata don kada awaki su turo ƙofa, ta toshe ƙasan ƙofar da buhu saboda sanyi. Ta hura gawayi, ta soya bun, wato ƙwayar kofi, ta daka da citta, ta ɗora jabana, butar dafa kofi, tana jan carbi tana jin ɗumi. Tun kafin a haife mu haka take yi. In kofi ya nuna sai ta buɗe ƙofa, wata tsohuwa maƙwabciyarmu, ƙawarta tun ƙuruciya, ta shigo su sha tare.

Da safen nan, rana ta ɗan ɗago, ina wanke fuska a tsakar gida, sai ga tsohuwar ta shigo da sandarta.

"Ɗiyata, kin zaka? Ina uwar taki? Da can ƙamshin bun ɗinta ka kira na tun daga gida. Yanzu tun da anka sa mata shubbak, tagar nan ta birni, ba ni jin komi, sai dai in yi kintace."

Na yi dariya, na je na ƙwanƙwasa. Shiru. Na ce, "Inna, baƙuwarki ta iso." Shiru. Na tura ƙofar, sakata na ciki. Ban ji tsoro ba tukuna, na zaci barci ya ɗauke ta. Na zagaya ta wajen taga, na kifa hannuwa a gilashin na leƙa ta gefen labule. Abin da na fara gani kanun ne, jajir, jabana a kai tana tafasa tana zubowa. Gado babu kowa. Na sauke ido ƙasa, sai na ga tafin ƙafarta, dab da bango, a gindin tagar da nake tsaye.

Ban san irin ihun da na yi ba. An ce har masu wucewa a bakin kwata sun ji. Na dinga dukan gilashin da hannu, na ɗauki dutse na buga, dutsen ya dawo kaina. Matar Yaya ta ruga ta kira mijinta, wanda bai yi nisa ba. Ya shigo da gudu da fartanya a kafaɗa, ya ɗaga zai sara, na riƙe rigarsa na ce, "Tana ƙasan wagga! Gilashi zai zube mata!" Ya juya ga ɗaya tagar. Ya sara, gilashin waje ya tsage, na ciki ko gezau. Ya sa bakin fartanya a gefen firam ɗin yana so ya ɓalle ta, ƙotar ta karye a hannunsa. Da tsohuwar tagar ce, da ƙafa ɗaya zai tura ta faɗa ciki. Ina tsaye ina kallon ƙarfin da aka yi wata da watanni ana yabo, ga uwata kwance a bayansa.

Wani maƙwabci ya miƙo gatari ta kan katanga. Da shi aka samu gilashin ya rushe. Wata iska mai ɗumi da nauyi ta bugo mu, babu hayaƙi a cikinta, babu wari. Yaya ya kutsa, gilashi ya yanke masa dantse bai ma sani ba. Ya zare sakata, ya fito da ita a hannu yana tangaɗi, ya shimfiɗe ta a tsakar gida, shi ma ya durƙusa yana haki. Jikinta ya saki gaba ɗaya. Ta yi amai a gaban tobin da ta lulluɓa da shi. Leɓenta ya yi wani irin ja da ban taɓa gani ba. Na kira ta da duk sunan da na sani, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Gida ya cika. Wata ta ce bugun iska ne, a kira malam. Wata ta yanka albasa tana kanga mata a hanci. Tsohuwar ƙawarta ta zauna a ƙasa tana salati tana girgiza ƙafar Inna. Matar Yaya ce, Allah ya saka mata, ta daka tsawa ta ce a nemo mota. A bayan boksi muka tafi Sinja, kanta a cinyata, na sa yatsa a ƙarƙashin hancinta, duk ramin da motar ta faɗa sai in ji kamar numfashin ya ɗauke.

A asibiti aka sa mata iskar oksijin. Likitar, wata mace, ta fito ta tambaye mu da Larabci ko akwai gawayi a ɗakin, kuma ɗakin a rufe yake. Muka ce e. Ta ce gawayi in yana ci yana fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta, in ba ta samu hanyar fita ba sai ta kwantar da mutum a hankali har ya wuce. Yaya ya ce, "Ya dakta, ai tun muna ciki take haka, a ɗakin nan, ba abin da yat taɓa samunta." Ta dube shi ta ce, "Ba abin da ya canja a ɗakin?" Yaya ya zame ya zauna a dandaryar siminti, jini na ɗiga daga hannunsa. Ni kuwa sai a lokacin na gane. Ashe ramukan nan da muke jin kunyarsu, waɗanda muke cewa suna zubar mana da mutunci a gaban baƙi, su ne suke fitar da gubar duk tsawon shekarun nan.

Auta ya kira yana kuka kamar yaro, yana kiran Inna da Larabci, "Yumma, Yumma." Yaya ya karɓi wayar, cikin zafin rai ya ce, "Da robar anka sa..." Ban bari ya ƙarasa ba. Na fizge wayar na ce musu duka biyu su rufe mini baki, robar ma ai da ita ake alfaharin ba ta shigar da iska, wace ce a cikinsu za ta bar tsohuwa ta yi numfashi? Mutane suna kallona a barandar asibiti, ban damu ba. Ranar ce kaɗai na taɓa ɗaga wa Yaya murya.

Sai bayan la'asar ta buɗe ido. Washegari ta iya magana. Ina ba ta shayi da cokali, abin da ke cina na kasa riƙe shi, na ce, "Inna, da kika ji kanki na juyawa, don mi ba ki buɗe taga ba?"

Ta kawar da kai wajen bango.

"Na tahi in buɗe," ta ce a hankali. "Na ja, na tura, ta ƙiya. Ƙofa kuma ta yi mini nisa."

"Ta ƙi? Ta lalace ne?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Tun da anka sa ta ban taɓa buɗe ta ba. Ban iya ba."

Cokalin ya faɗi daga hannuna. Daga baya na gano hannun tagar yana da wani ɗan maɓalli da sai an danna kafin a murɗa. Mai aikin ya nuna wa Yaya, Yaya ya gyaɗa kai, magana ta ƙare a nan. Wata da watanni tana kwana tana tashi a ɗakin da ba ta iya buɗe tagarsa. Ciwon kan da take ɗaure wa goshi kuwa, tun shigowar sanyi take tashi da shi kullum.

Na ce, "Inna, ai sai ki tambaya!"

Ta ce, "Yara sun wahala sun kawo mini abin birni, kowa na murna. In ce ban iya ba? Kuma ina tsoron in taɓa in ɓata musu." Ta ɗan numfasa, ta riƙo hannuna. "An ce an hwasa guda. Kada ki hwaɗa ma ƙanenki, zai ji ba daɗi."

Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba ko a bayan boksi.

Inna ta warke, ta ƙara shekaru tare da mu kafin Allah ya karɓi abarsa, sai dai hannunta na dama bai daina rawa ba, kuma ba ta ƙara zuba kofi da kanta ba. Abin da na koya, da tsada na koye shi. In za ka gyara wa mutum wurin zamansa, kada ka tsaya a bakin ƙofa ka tambaye shi wanne yake so. Shiga ka zauna, ka ga yadda yake kwana da yadda yake tashi. In ka kawo masa sabon abu, ɗora hannunsa a kai ya buɗe ya rufe a gabanka. Iyayenmu ba za su ce ba su iya ba. Za su sa maka albarka, su yi shiru, ko da shirun zai kashe su.