Ranar da waƙar Bukar ta tsaya a cikin rijiya

Bana shekara ashirin da biyar ke nan da muka kai yayana Ari makwancinsa a Gure. Maginin rijiya ne, ni kuwa a hannunsa na koyi aikin. Duk lokacin da na ga samarin yanzu sun duƙufa a kan waya suna kallon yadda ake zuba siminti, sai in tuna da shi, in ce da yana nan da an sha faɗa.

A shekarun casa'in wasu masu aikin samar da ruwa suka kawo mana injin jan ruwa mai shan isansi, wato fetur, tare da talabijin da kaset na koyarwa. Yaya bai ɓoye raininsa ba. Ana kunna kaset yake jingina da bango ya hau gyangyaɗi. Shi dokokinsa na gado ne: a zura fitila kafin mutum ya sauka, in ta mutu ba mai shiga, a ɗaura wa mai sauka igiya a ƙirji, in ya isa ƙasa kuma ya yi ta waƙa, don na sama su san yana numfashi. Mu matasa mukan yi wa igiyar dariya, tunda mutanen cikin kaset da tsani suke sauka.

A wani ƙauye kusa da Kelle abin ya faru, da hantsi. Muna ƙara wa wata rijiya zurfi, abokina Bukar yana ciki. Tiyon injin bai da tsawo, sai aka jawo injin har bakin rijiyar, hayaƙinsa na kwarara ciki. Nan take na tuna kaset ya yi gargaɗi a kan wannan: hayaƙin inji yana kashe mutum a rami, kuma fitila ba ta gane shi.

Na ce, "Yaya, a kashe injin nan."

Ya leƙa ya ce, "Fitila na ci. Kai da ita wa ya daɗe a rijiya?"

A gidanmu ƙane ba ya maimaita wa yayansa magana a gaban mutane. Ina tsaye ina jin waƙar Bukar tana ja, baiti na hawa kan baiti kamar mai magagin barci. Can sai ta tsaya. Na kira sunansa, ba amsa. Ban san lokacin da na ture Yaya na kashe injin ba. Wallahi har yau ban manta kallon da ya yi mini ba.

Amma bai tsaya fushi ba. Wani ya ɗora ƙafa a tsani zai sauka, na yi ihu cewa duk wanda ya shiga shi ma zai faɗi. Yaya ya damƙe igiyar ya ce, "Ba mai sauka. Ku ja!" Muka ja, tafin hannu na saluɓewa. Bukar ya fito kansa na lilo, ɗaurin nan da muke wa dariya yana riƙe da shi a ƙarƙashin hammata. Muka shimfiɗe shi a inuwa muna fifita. Da ƙyar ya yi tari.

Yaya bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban ba shi ba. Sai dai da muka koma Gure, shi ya fara zama a gaban talabijin, igiya a cinyarsa. Yakan sa a mayar da kaset baya a wurin hayaƙi har kowa ya haddace, sannan ya nuna mutumin da ke sauka rijiya a cikin kaset ɗin ya ce, "Wannan kuma ba a ɗaure shi ba. Ku tashi mu je waje ku koyi ɗaurin igiya."

Ina jin da ya ga wayoyin yau haka zai yi: ya yi gunaguni, ya karɓa ya kalla har ƙarshe, sannan ya tambayi ina igiya. Ina kewarsa ƙwarai, har da taurin kan.

Bukar ya tsufa, shi ke horar da sababbi yanzu. In sun gama kallon wayarsu, sai ya ɗaga riga ya nuna musu tabon igiya a ƙirjinsa, ya ce, "Wannan aikin Baba Ari ne. Allah ya jiƙansa, ku ɗauro naku in gani."