Ranar da Aka Tare Mahamman Mai-gurmi a Ƙofa

Bana shekara tara ke nan da muka binne wana Mahamman, wanda mutanen tsohon gari suka sani da Mai-gurmi. Makon jiya na je kallon bikin kaɗe-kaɗe na garinmu kamar yadda na saba, na dawo gida raina a ɓace.

Matasan yau ba su san yadda bikin nan ya soma ba. Fili ne kawai da tabarmi. Mahamman da abokansa ne ke yayyafa ruwa, su aro mikoro na ƙara murya a lakwal, wato makarantar boko, su kama kiɗa daga la'asar. Masu garka, manoman lambu na Dabaga, su sauke lemu su tsaya kallo, matan Ingal su zo da nasu kiɗan. Ba wanda ake tambaya daga ina yake.

Da abin ya yi suna sai aka kafa komiti, aka kewaye filin da ƙarfe. A shekarar Mahamman ta ƙarshe suka ce zai hau dandali. Ya sake wa gurminsa fata, ya ɗinka riga. Ni na riƙe masa hannu, don ciwon suga ya riga ya taɓa idonsa. A bakin ƙofa mai gadi ya tare mu.

"Baba, ina baj ɗinka na shiga?"

"Wane baj, ɗana? Ni ne Mahamman."

"An ce lokacinku an ba baƙin Yamai. Ku yi haƙuri, ku matsa."

Na so in ɗaga murya, sai ya matse mini hannu. "Bar shi, ƙanena, aikinsa yake yi." Muka zauna gindin bango. Shugaban komitin, wanda Mahamman ya koya wa riƙon gurmi, ya zo wucewa. Ya gan mu sarai, ya kau da kai. Daga ranar wana bai sake taɓa gurmin ba, kuma kafin damina ya rasu.

Bana wasu samari sun rera waƙarsa ta ayarin gishiri da gitar, fili ya ɗauki tafi. Mai gabatarwa ya ce waƙar gargajiya ce tun kaka da kakanni. Gidan mai waƙar kuwa yana bayan filin, matarsa Rakiya na ciki tana ji.

Da yana nan, me zai ce? Na san halinsa. Zai ce yaran sun iya, sai dai sun yi gaggawa wajen amshi. Shi mai yafiya ne. Ni ban kai shi ba.

Da aka tashi na tare babban mawaƙin cikin samarin, na tambaye shi wa ya yi waƙar. "Wallahi Baba, a bakin innata na ji ta," in ji shi. Na faɗa masa sunan, ya ce baɗi zai ambata. Wataƙila.

Waƙar dai ta shiga bakin mutane, ba komitin da zai iya tare ta. Sunan mai ita kuwa saura ni da Rakiya muke riƙe da shi, kuma dukanmu mun tsufa. Allah ya jiƙan Mahamman.