Kwanson Da Bai Yi Kuka Ba

Maigandi ya tsoma hannu cikin bokitin, ya ɗauko kwanson harsashi guda, ya sake shi a kan tayil, ya karkata kai. Kwanson ya yi ƙara siririya kamar ta awarwaro. Ya jefa shi kwandon dama, ya ɗauko wani.

Haka safiyarsa take tun da ya kama aiki a wani kulob ɗin harbi da ke hanyar Badr, a Madina. 'Yan gari sukan zo su harbi takarda da ƙananan bindigogi, su tafi su bar masa kwansunan tagulla a warwatse. Shi ke sharewa, ya ware su girma-girma, don kowane girma da bakin injin da ke karɓarsa, kuma wanda aka cusa a bakin da ba nasa ba sai ya lotse. Daga nan su wuce teburin Bakri, Bahaushen Sudan haifaffen Madina, wanda ke sake cika su. Bakri da ma'auni yake aiki. Maigandi da kunne.

A Dogon Dutse ya koyi wannan, a maƙerar mahaifinsa, inda maharba ke kawo kwansuna a cika musu. Tsohon yakan ce kwanso mai lafiya yana kuka, mai tsaga yana tari. Wanda kuwa ya faɗi shiru, ya ci ran mutum; ba a cika shi, binne shi ake yi. Maigandi bai taɓa cin karo da irinsa ba. Shi da ma ba tagulla ce ta kawo shi Madina ba. Kiran sallar garin ya ji a rediyo yana saurayi, ya bi muryar har ya iso inda take fitowa, ya yi furfura a ƙarƙashinta.

Ran nan wani kwanso ya faɗi bai ce uffan ba.

Ya sake sakinsa. Ya ga ya taɓa ƙasa, ya yi tsalle, ya gangara, shiru. Ya kai wa Bakri ya ce kar a cika wannan, ya ci ran mutum. Bakri ya auna shi, ya haska cikinsa da fitilar waya, ya ce lafiyarsa ƙalau, sannan ya tambaya cikin dariya ko takarda ma tana da rai.

"Fawarig ne, ya Ammu, baffana. Wato fanko. Ba komai a ciki."

"Larabawa ke cewa fanko, ɗana. Mu ba mu ce ba."

Ya binne shi a gindin dabinon bayan katanga. Washegari ya samu biyu masu shiru. Ya je gindin dabinon, ya tarar ƙasar tana nan yadda ya daddaɓe ta. Ya fara duban fuskokin masu zuwa harbi, samari masu fararen riguna da ƙamshin turaren oud, yana neman wanda idonsa ya ga abin da bai kamata ba. Duk murmushi suke yi. Sai dai ya lura sun rage magana. Tsuntsayen kan katanga ma sun daina zuwa, ko kuwa suna zuwa su zauna kawai.

Ramin gindin dabino ya yi ta faɗi. Bakri ya daina dariya, ya fara kallonsa ta gefen ido.

Ranar Alhamis da rana ta kusa tsaka Maigandi ya cika tafin hannunsa biyu da kwansuna, ya watsa su gaba ɗaya. Suka zubo kamar ruwan zinariya, suka yi ta tsalle, suka bazu har ƙarƙashin tebur. Ɗakin ya kasance kamar cikin rijiya. Ya ɗaga kai ya ga Bakri ya toshe kunnuwa da hannu, fuskarsa a yamutse, bakinsa yana motsi, amma ba muryar da ta iso kunnen Maigandi.

Ya daɗe yana kallon bakin nan. Sannan ya tuna abin toshe kunnen da aka ba shi ranar da ya fara aiki, wanda ya rataye a ƙusa don kada ya hana shi jin tagulla. Yana nan a ƙusar, ƙura ta rufe shi.

Inuwar taga ta nuna Azahar ta kawo jiki. Akwai ƙaramin masallaci a tsallaken titi, lasifikarsa tana fuskantar kulob ɗin. Maigandi ya goge hannu a rigarsa, ya taka kwansunan, ya ji a tafin ƙafarsa suna murɗewa a ƙarƙashin takalminsa, ya buɗe ƙofa ya fita ya saurara.