Ummuhani Ta Zaɓi Khartoum

Ummuhani 'yar Malam Uwaisu ce, manomin rake a Gazara. Tun tana ƙarama take leƙa bakin ƙawayenta tana neman ruɓaɓɓen haƙori.

A farkon 2023 makarantu biyu suka ba ta gurbin karatun likitan haƙori, ɗaya a nan gida, ɗaya a Khartoum, babban birnin Sudan. Ta zaɓi Khartoum, don a kan idonta yayanta ya yi wata takwas a zaune saboda yajin aikin malaman jami'a.

Kawunta Hamisu, wanda bai daɗe da dawowa daga can ba, ya ji labari. Sai ya ce, "Soja iri biyu na gani a titi, kowa da kakinsa, kuma ba sa gaisawa."

Ta ce, "Kawu, ni karatu zai kai ni."

Ta tafi kafin azumi. Wata Asabar da hantsi ta kira mahaifiyarta, ana jin harbi. Ta ce yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin nan iri biyu, ita da sauran ɗalibai duk suna kwance a ƙasa don gudun harsashi. Sai waya ta yanke.

Bayan sati uku ta iso Gazara a rame, ko jaka babu.