Kawu Mai Aski da Gida na Bakwai

Jama'a, a gyara zama, a kama yara! Ga Kawu Mai Aski, sarkin almakashi, gwanin jitar da duk duniya mutum ɗaya ke sauraronsa, shi ma don ba shi da aikin yi ne. Ni ke nan.

Shagonsa na bayan tasha: kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, madubi mai tabo, benci ɗaya. Samari duk sun koma sabon shago mai talabijin. Daga hantsi zuwa la'asar da ƙyar ya taɓa kai biyu, ɗaya ma mai sanƙo. In ba kowa, sai ya sauko da jitar daga ƙusa.

Da yatsu yake kaɗawa. Babban yatsa na tafiya a kan tsirkiyoyi masu kauri, sauran uku na tsinkar sirara kamar mai cire ƙaya. Hannun hagu kuwa kamu uku kacal ya iya, ya ce sun ishi mai hankali. Ƙarafan da aka gitta sun raba wuyan jitar gida-gida. Ka riƙe yatsunka yadda suke ka zame su sama, sauti ya yi tsini. Ka zame ƙasa, ya yi kauri. Waƙar tana nan yadda take.

Shi dai kullum yana gida na bakwai. Har itacen wurin ya ƙoƙe.

Ƙaninsa ne dalili. A da shi ke rerawa, Kawu na kaɗawa, kuma muryar ƙanin siririya ce, a bakwai kawai take zama. Suka saɓa, ƙanin ya bar gari, shekara goma sha ɗaya ko waya. Har yau in kiɗa ya kai inda murya ke shiga, Kawu kan buɗe baki, muryar ta karye, ya mai da abin tari, ya dubi ƙofa.

Rannan yana yi mini aski na ce, “Kawu, wai me ya ɗaure ka a bakwai? Kai ka ce kamun ɗaya ne. Sauko gida uku mana, muryarka ta kai, ka huta da tarin ƙarya.”

Ya ajiye almakashi, rabin kaina a aske. Ya ɗauki jitar, ya ɗora yatsu a bakwai, ya daɗe a haka. Sannan ya ja su a hankali gida uku ƙasa, zuwa na huɗu, tsirkiyoyin suka yi ɗan kuka. Ya rera. Muryar a dushe take, amma ta zauna daram, ya kai waƙar ƙarshe shi kaɗai, ko sau ɗaya bai dubi ƙofa ba.

Na miƙe da zanen aski a wuya ina tafi. “Shi ke nan, Kawu! Makaɗi kai, mawaƙi kai! Wa kuma kake jira? A rubuta sunana, ni na gano ka!”

Ya rataye jitar, ya goge almakashi a rigarsa.

“Ta zauna,” ya ce. “Amma ba ita nake jira ba. Sunkuya, ban gama ƙeyar ba.”