Mai Ɗinki a Hawan Asibiti

A layinsu Mai Ɗinki ake ce mata, har 'ya'yan cikinta sukan kira ta haka idan suna son tsokana. Kekenta yana ɗakin bakin ƙofa, kusa da taga, inda take ganin mai shiga da mai fita. Matsoraciya ce tun tana budurwa, kuma ba ta ɓoyewa. Tsawa, haushin kare, tsallaka babban titi, duk sai ta yi addu'a. Mijinta kuwa direba ne, Direba ma ake kiransa, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan manyan motoci. Da ya ajiye aiki sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota ruwan toka, yana wanke ta da kansa kamar jaririya.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Ƙafafu suka kumbura, ido ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, ya kuma ce wankin ƙoda babu fashi. 'Yarsu tana aure a nesa, ɗansu yana aiki a wani gari. Haka Mai Ɗinki, da furfurarta, ta koyi mota a filin ƙwallon makarantar unguwa, Direba na gefenta yana cewa ƙafar da ta iya taka keke ba za ta kasa taka totur ba. Ta iya, amma irin iyawar da ake yi da haƙora a cije. Duk ranar asibiti ba ta iya karyawa.

Ana cikin haka motar ta ɗauko wani sabon hali. Muddin tana tafiya, lafiya lau. Da an tsaya sai ta hau karkarwa, ta yi tari, ta mutu. A bakin kasuwa ta fara yi mata. Motoci suka cika mata kunne da hon, wani ya leƙo ta taga yana tambayar ko motar ta gado ce. Ta iso gida rigarta sharkaf da gumi.

Suka kai motar wurin Dogo bakanike, wanda garejinsa ke ƙarƙashin wata rumfar kwano a bayan gidan mai. Ya canza fulogi. Da ba ta daina ba ya kwance kafireta ya wanke, ya ƙara mata sulo, wato ɗan numfashin da inji ke yi idan mota na tsaye. Daga baya ya zargi mai, ya canza filta. A gareji motar sai ta yi ta kiɗa tiryan-tiryan, amma da an hau titi ta koma halinta. Dogo ya sosa ƙeya ya ce motar nan da ta gan shi sai ta shiryu, kamar yaro a gaban baƙo.

Direba ya koya wa matarsa dabara kafin a gano cutar: in za ta tsaya ta cire giya, ta ja birkin hannu, ta ɗan ɗora ƙafa a totur kada injin ya yi sanyi. Tana yi, amma zuciyarta na can wuri guda. Asibitin yana saman wani dogon hawa ne, kuma a tsakiyar hawan akwai danja. Tun daga ƙofar gida take roƙon Allah ya sa ta same ta a kore.

Wata safiya Direba ya tashi jiki ya yi nauyi, numfashi da ƙyar. Ta kwantar da shi a kujerar baya, ta sa masa matashi. Suna isa tsakiyar hawan danja ta yi ja. Ta taka birki, kafin hannunta ya kai ga birkin hannu motar ta mutu. Birkin ƙafa ya ƙame, kamar dutse ta taka. Sai ta ga motar gabanta tana yin nisa, ta gane su ne ke sulalewa baya.

Ta ja birkin hannu har ƙarshe. Motar ta rage sauri amma ba ta tsaya ba. A madubi ta hango mai babur dab da su, ya ɗauko wata mata da goyo, bayansu kuma bas ta toshe hanya. Ta ga matar ta buɗe baki, ta ga hular jaririn.  Ta manta wacce ƙafarta ce ke kan me.

Daga kujerar baya muryar Direba ta zo, a shaƙe amma a nitse.

"Maman yara, taka kuloci ki sa giya ɗaya. Yawwa. To saki ƙafar gaba ɗaya."

Ta saki. Motar ta yi wata girgiza da ta buga mata ƙirji da sitiyari, ta tsaya cak. Bayan motar ya riga ya taɓa tayar babur ɗin.

Wasu masu tafiya a ƙasa suka ruga suka kafa duwatsu a bayan tayoyi. Mai babur ya sauko yana huci, ya zo taga da zagi a bakinsa. Da ya ga fuskarta, ya ga dattijon da ke kwance a baya, sai ya haɗiye maganarsa. Shi ne ma ya ɓamɓare mata yatsu daga sitiyari, ya tare musu wata mota ta ƙarasa da su. Matar mai goyo kuwa tana zaune a bakin kwalbati ta ƙanƙame ɗanta.

Sai da aka ɗaura wa Direba injin wanki, numfashinsa ya dawo daidai, sannan ya yafito ta. Ya ce ya kwana biyu yana jin wani siririn huci a motar, musamman idan ta taka birki, amma ya ɗauka kunnensa ne, don tun da ciwon nan ya kama shi kunnen ke masa ƙara. Yau da birki ya ƙame ya tabbata ba kunne ba ne. Ya ce ta gaya wa Dogo ya duba tiyon da ya taso daga inji zuwa tukunyar birki.

"Malam, da na take yaron nan fa?" Abin da ta iya cewa ke nan.

"Ba ki take shi ba," ya ce, ya lumshe ido.

Dogo ya je har hawan da kayan aikinsa. Ya zura hannu ya lalubo tiyon, ya same shi a tsage ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ta nan injin ke shaƙar iskar da ta fi ƙarfinsa idan yana tsaye, kuma ita ce ta rage wa birki ƙarfi. Ya sa sabo, ya ɗaure birkin hannu, ya kawo mata tsohon tiyon ta gani. Ta ce ya tafi da abinsa.

Motar ta warke, amma Mai Ɗinki ta rataye makulli a ƙusa ta ce ta gama. Suka koma shiga motar haya. Ranar da Direba ya yi amai a cikin matsin fasinjoji, wani yana toshe hanci, ta dawo gida ta tsaya tana kallon makullin a ƙusa. Ranar wanki ta gaba ta ciro makullin.

Har yanzu ita ke kai shi. Tsoron bai tafi ba, kuma ta daina sa ran zai tafi. Akwai wata tsohuwar malamar makaranta da ake yi wa wanki rana ɗaya da Direba, gidanta na kan hanyarsu, yanzu da ita suke tafiya. Malamar takan gaya wa mutanen ɗakin wanki cewa ba ta taɓa shiga motar direba mai natsuwa irin Mai Ɗinki ba, ko magana ba ta yi idan tana tuƙi. Direba yakan yi dariya har tari ya sarƙe shi, ita kuwa sai ta miƙa masa ruwa, ɗan kaɗan, gwargwadon yadda likita ya yarda.