Jan Ƙyalle a Wuyan Akuya

Ina aji biyar na firamare Babana yana koyarwa a Gwarzo, muna haya a gidan wani malamin Islamiyya. Matar malamin, wadda muke kira Inna, ta je ganin gida a Gammo ta ƙasar Kabo, ta dawo mini da 'yar akuya fara mai baƙin kunne ɗaya. Ta ce tunda na ƙi magana da mutane, in gwada da dabba. Akuyar ta saba da ni, duk inda na sa ƙafa tana biye.

Cocinmu ƙarami ne, iyalai kaɗan daga kudancin Kaduna da Filato. Bayan kaka muke bikin godiya. Kowa ya kawo baiko, wato kyautarsa ga Allah, dawa ko wake ko dabba, a ɗaure dabbobin a filin bayan coci, a yanka a ci. Mahauci Musulmi ake kira ya yi yankan, don in an aika wa maƙwabta nama su karɓa.

A shekarar, Antin makarantar Lahadi ta ce za mu yi wasan faɗuwar birnin Yariko na cikin Littafi Mai Tsarki. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce Allah ya yi haƙuri da mutanen ƙasar tsara bayan tsara har muguntarsu ta cika, sannan ya ba da su a hannun Isra'ilawa. Da ganuwa ta faɗi aka sa takobi, maza da mata, tsofaffi da yara, har shanu da jakuna, aka cinna wa garin wuta. Gida ɗaya ya tsira, na matar da ta ɓoye 'yan leƙen asiri, don an yi mata alkawari kuma ta ɗaura jan zare a tagarta.

Ni aka sa in fito a matsayin matar, saboda aikinta zama ne. Anti ta yi mini taga da kwali, ta yago mini jan ƙyalle daga tsohon zanenta. Ganuwar kuwa da karan dawa aka yi ta, wanda aka kawo daga Getso, aka kafa ta kewaye da dabbobin baiko su zama dabbobin Yariko.

Ranar bikin akuyata ta biyo ni. Na kore ta a bakin hanya, na ɗauka ta koma. Da na shiga ganuwar sai na gan ta ɗaure a turke tsakanin rago da wani bunsuru. Wani ne ya tsince ta tana yawo a filin, ya zaci ta baiko ce ta tsinke igiya. Na leƙa ta tsakanin kara, na hango Babana can gaba cikin dattawa, mutane sun cika tsakanina da shi. An riga an fara kaɗa ganga. Na san ba zan iya ratsa idanun nan ba. Na ciji ƙyallen na raba shi biyu, rabi a tagata ta kwali, rabi a wuyanta.

Isra'ilawa suka fara zagaye mu shiru, sai ƙarar takalman roba. Manyan yara ne, kowa da sandar kara, wasu da ƙahon saniya. Ƙananan da aka sa a ciki tare da ni suna yi musu gwalo yadda aka koya musu. Sai aka busa ƙaho, suka yi ihu, suka turo ganuwar kanmu.

Anti ta ce a taɓa mutum da kara ya kwanta. Ba haka aka yi ba. Waɗanda aka yi wa gwalo sun riƙe abin a rai. Na ga an doki wata yarinya a baya har karan ya tsage, tsagin ya yanke mata kunne. Wani ya faɗi, aka bi ta kansa, ya tashi bakinsa cike da jini da ƙasa. Wanda ya fi kowa tsawo yana faɗin, "An ce kada a bar kowa," yana dukan ragon a fuska. Wata kaza ta shiga ƙafafu, aka take mata wuya, ta yi ta juyi da fiffike ɗaya. Manya suna tafi, don daga nesa wasa ne mai kyau. Ni ba wanda ya taɓa ni. Sanduna suna zuwa har gabana su kauce.

Sai da iyaye mata suka shigo da mari aka tsaya. Anti ta tafi da masu rauni, maza suka kwashe karan, mahauci ya haƙa rami ya wasa wuƙa.

Ya fara da ragon. Mutum biyu suka danne shi, ya yi bisimilla, jini ya yi tsartuwa har kan ƙafata, da ɗumi. Bunsurun ya daɗe yana shure-shure. Akuyata ta ja igiya har idanunta suka fito. Ina tsaye kusa ina kallo.

Aka kayar da ita. Mahaucin ya sa yatsa ya ɗaga ƙyallen don ya sami wurin wuƙa, sai ya dakata.

"Wannan da alamar mai ita," in ji shi. "A garinmu in an ɗaura wa dabba ƙyalle, ba a yanka sai mai ita ya ce a yanka. Ta wa ce?"

Dattijon coci ya ce, "Malam, yanka kawai. Duk abin da ya shiga filin nan yau na Allah ne."

"Baba, wanda bai shiga ba ma nasa ne. Ni dai mai ita nake nema."

Aka yi dariya. Wuƙar tana nan a hannunsa, jinin bunsuru yana ɗiga daga bakinta kan farin gashin.

"Tawa ce," na ce. Ba wanda ya ji sai shi.

"Ƙara faɗa, 'yata, kunnen dattijo ya yi nisa."

Na ƙara faɗa. Duk suka juyo. Na buɗe hannuna, ɗaya rabin ƙyallen da na ciro daga tagar yana ciki, ya jiƙe da gumi.

Dattijon ya ce yanzu kowa sai ya kawo baiko ya koma da abinsa ke nan. Anti ta iso a lokacin, da audugar da ta goge kunnen yarinyar nan a hannunta. Ta dubi wuyan akuyar, ta dubi hannuna.

"Baba, mun nuna wa yaran nan hukunci har sun ji a jikinsu," in ji ta. "Alkawarin ne za mu karya a gabansu?"

Dattijon ya gyara hularsa. Ya ce da mahaucin ya sake ta.

Akuyar ta tashi, ta bi ta gefen ramin, kofatanta suka bar jan sawu har bakin hanya. A gida Inna ta ga jini a gashinta, ta tambaye ni me ya faru. Na zauna a kan turmi na ba ta labarin tun daga farko, tana wanke akuyar da ruwan ɗumi. Da ta zo wuyan, ta wanke ta ƙarƙashin ƙyallen, ba ta kwance shi ba.